Hular da Ya Kwaikwaya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina horar da 'yan gaba a wata kwaleji da ke hanyar Chaza, kuma ko sau ɗaya ba a kira sunana a lasifika ba. Sunan babban koci ake kira. Shi ke ɗaga kofi, shi ke tsakiyar hoto. Ni ina can gefe, wani lokaci kafaɗata kawai ke fitowa.

Ɗan wasa ne ni tun ina saurayi, lamba tara, har gwiwa ta ƙi. Daga nan na shiga duniya. A Garwa na fara da ɗaukar ƙwallaye a wata ƙaramar ƙungiya, na koyi Fulatanci da ɗan Faransanci. Na yi Kumasi, na yi Omdurman. Kowane gari da yadda yake riƙon mataimaki. A Kumasi in an ci ƙwallo, 'yan kallo sun san wanda ya koyar da ita, shi suke yi wa waƙa. A Omdurman maigidana ba ya kurɓar shayi sai na zauna. A nan gida kuwa mataimaki turmi ne, shi ke shan daka, tuwon kuma a ci shi a wani ɗaki.

Da na dawo Suleja na tarar da wata matsala da ban gamu da ita a ko'ina ba. A garin nan babu harshen da za ka ɓoye magana a cikinsa. Ka yi wa yaranka ihu da Hausa, kowa ya ji. Ka juya Gwaranci, mai tsaron gidan abokan karawa ɗan Iku ne, ya fi ka iyawa. Na taɓa gwada Fulatanci, sai wani ɗan bayansu ya amsa mini da gaisuwa. Shi ya sa na koma ga hulata, ƙube mai ruwan ƙasa. In an samu bugun kusurwa na tura ta goshi, a buga gajere. In na karkata ta hagu, a aika can ƙarshen raga. In na cire ta gaba ɗaya, 'yan baya duka su hau, kada kowa ya tsaya.

Mun ci wasanni da yawa da hular nan. Sauran makarantu sun lura da ita, amma sai suka ɗauka laya ce aka ɗinke a ciki. Maimakon su karanta hannuna, sai suka riƙa neman makari. Na ƙyale su a haka.

Shekarar da muka ɗauki kofi karo na biyu, shugaban kwaleji ya tambayi babban koci a gabana, wace dabara ce wannan ta hula. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na tsara, Malam yake nunawa." Da aka dawo hutu sai ga kocin da ƙube irin tawa sak. Ya kira ni gindin darbejiya ya ce, "Malam, rana ta fara yi maka yawa. An mai da kai kula da ɗakin kayan wasa, ka huta." Gurbina kuma ya ba mijin ƙanwarsa.

Na ce, "Na gode, yallaɓai." Wata biyu ina ƙirga riguna, sannan na ajiye aikin.

Ma'anar alamu uku ya sani, amma akwai abu biyu da bai taɓa tambaya ba. Duk farkon kakar wasa nakan sauya ma'anar, in kwashe mako biyu ina sabar da yara har ta zauna musu a jiki. Kuma duk zafin rana ba na taɓa hular don gumi, ƙyalle nake riƙewa.

Wata ƙaramar kwaleji a Kwamba ta ɗauke ni. Ba su da fili sai na aro, yaran kuma yawanci 'ya'yan masu haya ne, wasu suna tuƙa keke bayan darasi. Shekara uku ƙuri'a ba ta haɗa mu da tsohon maigidana ba. Duk wasansa sai na je, in tsaya cikin 'yan kallo kusa da mai gyaɗa, idona a kansa. Goshi, gajere. Hagu, ƙarshen raga. Bai sauya komai ba. Matata takan ce, "Malam, wai har yanzu mutumin nan ne a ranka? Ka bar wa Allah mana." Nakan ce na bar masa, kallo kawai nake zuwa.

A shekara ta huɗu aka haɗa mu a wasan kusa da na ƙarshe. Na tara yarana na ce in abokan karawa sun samu kusurwa kada kowa ya kalli ƙwallo, a kalli kan kocinsu. Kyaftin ɗina, wani dogo mai bakin tsiya, ya ce, "Baba, ba laya ba ce? Ni fa ban shirya makancewa ba, ko aure ban yi ba."

Na ce, "Layar a hannuna aka rubuta ta. Kai dai kalli hula."

Kusurwar farko ya tura ta goshi. Kafin ɗan wasansa ya karɓi gajeren bugun, yarana biyu suna kansa. Suka ƙwace, suka ruga, ɗaya ta shiga. Ta biyu ya karkata hagu, mai tsaron gidana ya riga ƙwallon isa wurin, ya cafke ta kamar an miƙo masa. Kafin hutun rabin lokaci mun ƙara ɗaya. Na hango shi yana magana da surukinsa, hannu na tashi sama. Na san ya gane. Na kuma san abin da ake sakawa cikin mako biyu ba ya fita cikin minti goma.

Da aka dawo rana ta tsaya tsaka. Suka sake samun kusurwa. Ya tsaya bai nuna komai ba, gumi na zuba masa har cikin ido. Sai ya cire hular don ya share kai. 'Yan bayansa huɗu suka kwasa da gudu zuwa gidanmu, yana ihu su koma, su kuwa hula suka gani. Mai tsaron gidana ya kama ƙwallo ya wurga wa kyaftin, daga shi sai raga.

Uku da nema aka tashi. Ya zo ya miƙo hannu, hular a dunƙule cikin ɗaya hannun. Ya ce, "Malam, ai ba a yi haka da mu ba."

Na ce, "Yallaɓai, ai kai ka tsara, ni kallo kawai na yi. Amma rana ta fara yi maka yawa."

Mai lasifika ya gangaro da takarda yana tambayar sunan kocin Kwamba. Na faɗa masa a hankali, har da sunan mahaifina, na sa ya maimaita. Ban bar filin ba sai da na ji an kira shi sau biyu, tsohon maigidana kuma yana tsaye yana ji.

Wasan ƙarshe an cinye mu, ban kuma ji zafinsa ba. A ƙarshen kakar aka sauke shi. Mukan haɗu a kasuwa yanzu, hular dara yake sawa. Ni nake fara gaishe shi kullum, sannan in ɗan tura tawa goshi in wuce.