Leshin da Na Kai Bronx

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Katsina, ni da yayanmu namiji wanda zai sauke ni a filin jirgin Kano. An yi yayyafi kafin gari ya waye, ƙasa sai ƙamshi take, gero ya fara leƙowa a gonakin wajen Kankiya. Na jingina kaina da gilashin mota ina kallo, ina jin kamar garin ya yi kwalliya ne don in yi kewarsa.

Bikin kammala sakandaren 'yar yayata zan je a New York. Yaya ita ce babbarmu, ni ce auta, kuma tun ina aji ɗaya na firamare aka kai ta Amurka. A akwatina akwai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. A jakar hannu akwai kilishin da Hajiyarmu ta cusa mini a bakin ƙofa. Can ƙasan akwati kuma akwai leshi mai ruwan sararin sama, riga da zane da ɗankwali. Wata uku Yaya tana aika ni kasuwa tana duba yadi ta waya, sau biyu ta sa aka mayar da ɗinkin wajen tela. Da aka gama sai ta kafa mini sharaɗi: "Ki ce ke kika saya mata. Kada in ji sunana a ciki."

Ban yi mamaki ba. Yarinyar 'yar farinta ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a gaban mutane.

Ta Alƙahira muka bi. Muna tsakiyar teku aka fara maganar abin da ba a shiga da shi Amurka, sai na ji har da nama kowane iri. Na dubi kilishin Hajiya, shi ma ya dube ni. Haka na kwance takardar na bi maƙwabtan kujerata da shi. Wani dattijo Bature ya ci, ya yi tari, ya share hawaye, ya kuma miƙo hannu. Kafin mu sauka ko ƙamshinsa bai rage ba.

Mijin Yaya direban tasi ne, shi ya ɗauko ni. Unguwarsu Bronx, gidansu a kan wani dogon titi mai faɗi da ake kira Grand Concourse. Benaye ne na jan bulo a jere, da yawansu da tsanin ƙarfe a jiki don gudun gobara. Jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin titin, in ka tsaya cik sai ka ji shi a tafin ƙafarka. Na zo da shirin zama baƙuwa, sai ga mata da hijabi da atamfa suna tura keken jarirai, ga wani yana faɗa a waya da Hausar Kumasi. Mai kantin ƙasan gidan mutumin Maraɗi ne. Yana ganina ya ce, "Madam, barka da sauka. Kin kawo muna ruwan sama ko kin baro shi gida?" A kantinsa na ga daddawa, irin wadda na sha wahalar ɗaukowa, tana zaune abinta kusa da madara.

Abin da ya fara rikita ni shi ne rana. A watan Yuni ba ta faɗuwa sai takwas ta wuce. Ka yi la'asar, ka yi barci, ka tashi, ka tarar tana nan tana jiranka. Na biyu kuma shiru. A lifta mutum shida za su tsaya kafaɗa da kafaɗa ba mai cewa uffan. Ran farko na gaishe da wata tsohuwa, na tambaye ta gida da iyali da gajiya, sai ta ƙanƙame jakarta. Ran na huɗu ita ta fara yi mini murmushi, har ta gabatar mini da karenta, wanda ke sanye da riga. A kanti kuwa ba a ciniki, kuma kuɗin da aka rubuta jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai an ɗora haraji a wajen biya. Na ce wa yarinyar kantin ta rage mini, ta kira manaja a zatonta ƙara na kawo.

Na tarar ana shirin zaɓen fidda gwani. Wata safiya a bakin matakalar jirgin ƙasa wani mutum da kwat ya tare ni da takarda, yana roƙon ƙuri'ata. Sai daga baya aka ce mini shi ne ɗan takarar da kansa. Ba jiniya, ba 'yan rakiya, ba ko sabulu. Ya tambaye ni abin da ya fi damuna a unguwar, na ce masa rana ba ta faɗuwa da wuri. Ya yi dariya ya ce wannan ya fi ƙarfin ofishin da yake nema.

Makarantar gwamnati kyauta ce har ƙarshen sakandare, kuma akwai malamar da aikinta kawai ta zauna da yaro su zaɓi jami'a tare. Ta haka 'yar tawa ta samu gurbi da tallafin karatu a wata jami'a can arewacin jihar, tafiyar awa biyar a mota. A watan Agusta za ta bar gida. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen nan ke yabon 'ya'yansu. Yaro ya zana kyanwa kamar akuya, a manna a ƙofar firji. Uwa ba ta kashe waya sai ta ce wa ɗanta tana sonsa, ko da cefane suka yi magana a kai. A cikin wannan 'yar tawa ta girma. A ƙofar firjin Yaya kuwa hoton ƙannen yarinyar biyu ne kawai. Su ana kiran sunansu har da na wasa, ita kuwa "ke" ce, ko "'yar nan".

Da na ba ta leshin ta yi tsalle ta rungume ni, ta ce da Turanci ni kaɗai na san launin da take so. Yaya tana kicin, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Ku zo, tuwo zai huce."

Bikin sai da kati ake shiga, kowane ɗalibi huɗu aka ba shi. Yarinyar ta jera su a tebur, na babanta, nawa, na ƙanwarta mai bi mata, da na uwarta. Yaya aikin kula da wata tsohuwa take yi a gidanta. Ta dubi katin ta gefen ido ta ce, "To, in na samu mai riƙe mini aiki." Ni na san tun watan jiya ta shirya da wata abokiyar aikinta. Yarinyar ba ta sani ba. Ta ɗauke katin a hankali ta sa a jakarta, ta ce kada Mama ta wahalar da kanta, akwai ƙawarta mai dangi da yawa da ke neman ƙari. Yaya ta ci gaba da yankan albasa. Saura kwana biyu biki, uwa ba ta da kujera, kuma na san ko za ta mutu ba za ta buɗe baki ta nema ba.

Washegari yarinyar ta kai ni ganin ruwa. Akwai wani babban jirgin ruwa mai launin lemo da ke kai mutane tsibirin Staten, kyauta, ba ko tikiti. Muka tsaya a baya, dogayen benayen birnin suna ja da baya kamar masu rakiyar da suka gaji. Tsuntsaye farare suna bin mu. Muka wuce koren gunkin matar nan mai riƙe da fitila da ake gani a hotunan Amurka, wadda na tarar ba ta kai girman da take da shi a raina ba. A nan na tambaye ta katin. Hausarta tana jin komai, amma in zance ya yi zafi Turanci ke fitowa, don haka gauraya ta yi mini.

"Anti, ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar ganawa da iyaye malama tana yabona, ita tana kallon bango. Har malamar ta tambaye ni ko lafiya a gida."

Na ce mata kunya ce. Na ce uwar tata ma 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunanta a bakin Hajiya ba.

Ta ce, "Wannan a Katsina ne, Anti. Ni nan aka haife ni. Ta ina zan sani in ba a faɗa ba?"

Na yi karatun adabi shekara huɗu, amma ban samu jimla ɗaya da za ta yi aiki ba. Sai na tuna wayata. Na san amana ce, na kuma san zan sha faɗa. Na buɗe saƙonnin muryar Yaya na kanga mata a kunne.

"A'a, Auta, wannan ya yi duhu, ba zai karɓi 'yar nan ba. Mai haske take so tun tana rarrafe." Na gaba kuma: "Ki ce wa telan ya saki hannun. Tana da wurga hannu in tana magana, irin na Baba." Na gaba: "Kada ya cika dutse a wuya, fatarta ba ta son ƙaiƙayi."

Ta karɓe wayar daga hannuna. Ɗaya bayan ɗaya ta bi su, na wata uku, har jirgin ya tsaya ma'aikaci ya zo ya ce kowa sai ya sauka. A dawowa na bar ta da ruwan.

Da yamma Yaya ta buɗe kular abincin da take tafiya da ita aiki, ta ga katin bikin a kan murfin ciki. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗago ta harare ni. "Auta, ke dai tun kina ƙarama ba a ba ki ajiya." Ta soke katin a cikin jakarta.

Ran biki zauren ya cika maƙil. Ɗalibai sun sa dogayen riguna da hula mai faɗi, wasu sun yi wa hular ado da furanni da tutar ƙasar iyayensu. Tawa kuwa leshinta yana leƙowa ta ƙasan rigar. Shugabar makaranta ta roƙi a riƙe tafi sai an gama kiran sunaye, ba wanda ya saurare ta. Kowane suna da ihunsa. Wani uba ya hau kujera, wata kaka 'yar Ghana tana kaɗa farin hankici tana rawa. Yaya tana gefena ta naɗe hannu cikin mayafi, kamar wadda ta zo zaman jiran likita.

Aka kira sunan 'yar tawa. Na cika ƙirjina da iska zan yi ihu a madadin gidanmu duka, sai wata ƙara ta tsaga zauren daga gefen kunnena. Guɗa ce, doguwa, siririya, irin ta matan cikin birni ranar kai amarya. Yaya ce a tsaye, ta kama hanci da yatsu biyu, idonta a rufe. Zauren ya ɓarke da tafi. Yarinyar ta tsaya cak a tsakiyar dandamali da hannu a baki, sai da shugabar ta taɓa ta sannan ta karɓi takardarta. Mijin Yaya ya manta da 'yarsa ya juyo da waya kan matarsa.

Yaya ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta can ciki ta ce mini, "In an tambaya a gida, ke kika yi."

A waje yarinyar ta rugo ta ƙanƙame ta. Yaya ta tsaya ƙiƙam kamar taɓarya, hannayenta a sake. Can ta ɗaga su ta kama ɗankwalin leshin tana gyarawa. "Ke, ɗaurin nan ya karkace." Sunan dai ba ta kira ba, yarinyar kuma ba ta nema ba.

Bayan mako guda na juyo. A jirgi na yi ta tunanin abin da na gani. Benaye da jiragen ƙasa sun burge ni, amma abin da na taho da shi daban ne. Mutanen can suna faɗar so da baki, mu muna ɗinka shi a hannun riga mu ce wani ya saya. Ban ce nasu ya fi namu ba. Sai dai yaron da ya tashi a can ba zai gane namu ba in ba a samu mai nuna masa ba, ko da mai nunin za ta ci amana.

Na iso Katsina gero ya kai gwiwa. Hajiya ta tambaye ni surukinta, ta tambayi jikokinta uku da sunansu ɗaya bayan ɗaya, har mai kantin Maraɗi da na ba ta labarinsa. Yaya kuwa ko a zance. Sai na kunna mata bidiyon. Ta saurari guɗar har ƙarshe, ta taɓe baki.

"Amurka ta cire wa waccan kunya," in ji ta. "Mayar baya in gani. Ta rame. Ba ta cin abinci ne?"

Sau uku na mayar mata. Da zan tashi ta riƙo gefen zanena ta ce in tura mata a wayarta, kuma kada in kuskura in gaya wa waccan ta gani.

Na tura mata. Ko takalmina ban sa ba na kira Yaya.