Sirdin Keken Surukina

A duk shekarun da na yi ina gyaran keke a nan Matameye, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka turo keken surukina har ƙofar garaji. Ku da kuke koyon aikin nan yanzu kun san Alhaji Mamman a matsayin dattijon da ke wucewa da safe yana kaɗa ƙararrawa. Ba ku san irin zufar da na yi kafin ya iya zama a kan keken nan ba.

Alhaji Mamman ɗan kasuwa ne, hatsi da gyaɗa yake saye yana sayarwa, kuma Allah ya ba shi jiki. Idan ya zauna a benci, sauran jama'a sai su nemi tabarma. Ni kuwa ƴarsa ta fari, Hadiza, nake aure, wadda ko sunanta ba ya faɗa. Kun san yadda surukuta take a wurinmu. In na je gaida shi, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. Ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba mu taɓa yin hirar da ta wuce gaisuwa ba.

Wata shekara, lokacin da rake ya fara cika kasuwa, aka kai shi Damagaram, likita ya ce ciwon suga ne. Aka ba shi magani, aka hana shi wasu abinci, aka kuma ce dole ya riƙa motsa jiki kullum. Tafiyar ƙasa ta gagare shi saboda gwiwoyi, sai likitan, wato lokotoro, ya ce ya nemi keke. Gidan duk hankali ya tashi, domin yayansa wannan ciwon ne ya ci masa ƙafa har aka yanke ta, kuma kowa ya ga yadda ya ƙare. Alhaji ya sayo kekensa tun daga Damagaram, bai nemi shawarata ba, ni ma ban yi tsammanin zai nema ba. Ya riƙa fita bayan sallar asuba ya bi hanyar Kance, kafin gari ya waye a ga mai mota a kan keke. Ba a jima ba ya jingine shi a zaure.

Saƙon da ya iso gare ni sai da ya bi ta baki uku. Alhaji ya faɗa wa matarsa Hajiya, Hajiya ta faɗa wa Hadiza, Hadiza ta same ni ina karin kumallo.

“Malam, Inna ta ce Baba ya ce belon nan ba shi da lafiya.”

“Ina ne ba shi da lafiya?”

“To, ni ma haka aka faɗa mini.”

Da aka kawo belon, wato keken, na bi shi kamar yadda nake koya muku: taya, birki, sarƙa, feda, har wayoyin ƙafa na taɓa ɗaya bayan ɗaya. Sabo ne fil, babu abin da ya same shi. Sai da na zo kan sirdi na gane. Siriri ne, irin na samari masu tsere, an naɗe shi da soso da tsofaffin tsummoki, an ɗaure da robar taya har ya koma kamar matashin kai. Keken lafiyarsa ƙalau, mai keken ne yake shan wahala a wurin da ba zai iya faɗa wa surukinsa ba.

Bari in bayyana wa waɗanda ba su daɗe da zuwa ba. Mutum ba a kan tsoka yake zama ba, a kan ƙasusuwa biyu yake zama, waɗanda za ka ji su idan ka zauna a kan dutse. Su ne ya kamata su hau faffaɗan ɓangaren sirdi. In sirdi ya yi siriri, ƙasusuwan sai su sauka gefe, nauyi duka ya koma tsakiya inda bai kamata ba. Mai jiki kuma yana ganin laushi ne magani, sai ya yi ta tula soso. Soso mai yawa nutsewa ake yi a cikinsa, ya taso ta tsakiya ya matse mutum, ga zafi ga gumi. Ga sauran mutane aikin ba shi da wuya. Ina tambayarsu ne kai tsaye ina ke ciwo, in sa su hau ina kallo daga baya, in gyara. Amma ku faɗa mini, da wane baki zan tambayi uban matata ina ke masa ciwo, kuma da wane ido zan tsaya bayansa ina kallo?

Na cire tarkacen nan, na ɗaura masa sirdi mafi faɗi da nake da shi, mai manyan sifirin a ƙasa, na mayar. Bayan ƴan kwanaki amsa ta biyo hanyar da ta saba: Baba ya ce an gode. Duk ɗan garin nan ya san irin wannan godiya. Na aika a leƙa mini, aka ce keke yana zaure ya fara ƙura. Hadiza ta ce ta ga mahaifinta yana tafiya a wawware, wato faɗin ya yi yawa, gefen sirdin yana goge masa cinyoyi duk lokacin da ya taka feda.

Wani yammaci ta dawo daga gidansu idanunta jawur. Ta ce an sake gwada shi, sugan ya hau, kuma ya fara cewa tafin ƙafarsa yana masa kamar ana tsira allura. Ta zauna a bakin gado ta ce, “Malam, kai da kake gyara wa duk garin nan, Baba ne zai gagare ka?” Maganar ta yi mini zafi, kuma na ji tsoro sosai, domin ni ma ina cikin waɗanda suka riƙa ɗaukar yayan nasa a kai shi masallaci.

Dabarar ta zo mini ne a ƙofar shagonsa. Na je gaida shi gab da azahar, na tarar yana zaune a kan dakalin siminti, ya shimfiɗa kwalin sabulu a ƙarƙashinsa saboda zafin ƙasa. Na gaishe shi na koma gefe kamar mai jiran wani. Da ladan ya kira salla ya miƙe ya nufi masallaci, sai na ga ramuka biyu a jikin kwalin, daidai inda ƙasusuwan suka danna. Na waiwaya dama da hagu, na suri kwalin na cusa cikin riga, na kama hanya. Ni da nake magidanci da ƴaƴa, ga ni ina satar kwali da tsakar rana. Wani mai sayar da rake ya bi ni da kallo, ban tsaya yi masa bayani ba.

A garaji na karya tsinken tsintsiya daidai tazarar da ke tsakanin ramukan biyu. Abin da ya ba ni mamaki, tazarar ba ta fi ta sauran mutane da wani abin kirki ba. Jikin ne babba, ƙashin kuwa na kowa ne. Na bi sirdunan da nake da su ina aza tsinken a kai, har na samu wanda ya ɗan zarce shi ta kowane gefe. Faɗinsa matsakaici ne, katifarsa mai ɗan tauri, ƙarafan ƙasa masu kauri da ba za su lanƙwashe ba, da sifirin saboda hanyarmu mai gargada. Na sa aka sake turo keken na ɗaura masa. Saura tsayi. Ƙa'ida ita ce idan mutum ya ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarsa ta miƙe. Tunda ba zan auna ƙafar Alhaji ba, Hadiza ta aro mini wandonsa daga cikin wanki, da shi na yi awo. Na ƙara wa tayoyin iska saboda nauyi, na mayar da keke.

Wannan karon babu saƙon godiya. Sai dai masu zuwa lambu da sassafe suka fara ba ni labarin sun gamu da surukina a hanyar Kance, wasu ma suka ce har kusa da Dungu. Na yi hamdala, na ɗauka an gama.

Bayan wani lokaci, wata safiya ina ɗaure birki, sai na ji keke ya tsaya a bayana. Na juya na ga Alhaji ne da kansa, mutumin da bai taɓa taka ƙofar garajina ba. Kilen da nake ɗaure ƙusa da shi ya faɗi daga hannuna, na zame takalmi na durƙusa. Ya amsa gaisuwa, ya kalli waɗanda ke zaune a benci, su kuma suka gane, kowa ya tuna yana da wani uzuri. Muka rage mu biyu. Ya tsaya riƙe da kan keke yana kallon titi, ni ina kallon ƙasa.

Ya gyara murya ya ce, “Wani abokina ne yake da belo.”

Na ce, “Na'am, Baba.”

“Shi ma lokotoro ne ya sa shi hawa. Ya ce zaman yanzu ba laifi. Sai dai in ya jima bisa, gabansa mutuwa yake yi, sai ya sauka da daɗewa kafin ya ji shi. Abin ya dame shi. Yana tunanin ya bar hawan baki ɗaya.”

Na san abin da faɗin wannan magana ya ci masa. Na kuma san idan na ɗaga kai, ko fuskata ta nuna wani abu, zai hau kekensa ya tafi, kuma hawan ƙarshe ke nan. Sai na tsare ƙasa da ido na ce, “Baba, belon abokin nan irin wannan ne?”

“Irinsa ne sak.”

“To bari in gwada a kan wannan. In ya yi daidai sai a yi wa nasa haka.”

Ya sakar mini keken. Na duba na ga hancin sirdin ya ɗaga sama, nauyi ya danna bayan a hankali har ƙusar ta saki. Na cire shi na sa wani mai faɗi ɗaya da shi amma mai kwari a tsakiya, wanda ke barin wurin nan ba a danne ba. Na daidaita shi da ƙasa, na ɗan sunkuyar da hancin kaɗan, na ɗaure tam. Ina aiki ina magana da keken. Na ce da za a faɗa wa abokin, ya riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci don jini ya zaga, ya kuma guji wando mai kaurin ɗinki a tsakiya. In kuwa abin bai daina ba, kada ya ɓoye wa lokotoro, domin ba komai ne sirdi ke jawowa ba.

Ya ce, “Za a faɗa masa.” Ya hau ya tafi. Ban ɗago ba sai da na daina jin ƙarar sarƙa.

Damina ta zo ta wuce yana hawa. Ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba, a gida kuma ban faɗa wa Hadiza abin da ya gudana ba sai cewa na canza sirdi. Wata safiya bayan an yi girbi, ya rage gudu a ƙofar garaji, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, bai sauka ba. Rigar ta ɗan yi masa yawa. Yana kallon titi kamar kullum ya ce, “Abokin nan nawa ya dawo daga Damagaram jiya. An duba ƙafarsa, an ce lafiya lau take. Ya ce in faɗa maka, Allah ya yi maka albarka, kai da ƴaƴanka.”

Kafin in ce amin ya taka feda ya wuce. Na shiga bayan garaji na share hawaye da hannu mai baƙin mai, na fito fuska duk dabbare, masu jira suna tambayata me ya faɗa mini a ido.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, yawancin masu jiki da ke jingine keke ba ragwanci ke sa su ba, ciwon yana wurin da kunya ba ta bari a ambata. Auna ƙashi da zaɓen sirdi duk za ku iya cikin ɗan lokaci. Amma ranar da dattijo ya zo muku da labarin keken abokinsa, kada ku yi murmushi, kada ku tambayi sunan abokin. Ku sunkuyar da kai ku ɗauko kile.