Sarautar Maƙwabcina a Annandale

Maƙwabcina a Annandale Bature ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, amma ranakun Asabar sarki ne. Shi da wasu mutum ɗari da wani abu sun ƙago wata ƙasa irin ta Turawan da, inda basarake ke da gona da manoman cikinta. Suna da tuta da taswira, ƙasar ce dai babu.

Da ya ji na yi aiki a Khartoum da Jidda da Lyon, na kuma ga juyin mulki uku da idona, sai ya ce in zama mai ba shi shawara. Na karɓa, don ritaya ta fara gundurata. Na koya masa amsa "ranka ya daɗe" da ɗaga hannu kawai.

Majalisa a garejinsa take zama, tsakanin injin yankan ciyawa da firiza. Arzikin ƙasa zuma ne da kyandir da wasu saƙe-saƙen ulu da ba mai iya sawa. Haraji kuwa kwanon abinci ne, kowa ya kawo nasa, sarki ya ci na kowa. Wannan sashen kaɗai na gane ba tare da an yi min bayani ba. Rundunarsu likitocin haƙori ne da masu aikin kwamfuta, suna sanye da sulken roba, makaminsu sanda naɗe da tsumma. Ba sa fita yaƙi sai ƙaramar hukuma ta ba su izinin filin wasa, in an yi ruwa kuma a ɗage.

Matsalar ita ce duk wata shida sai an yi karon sanda, wanda ya yi nasara ya hau kujera. Maƙwabcina ya haye sau biyu, gwiwarsa ta fara ciwo, ga wata nas da ta ce za ta kara da shi. Matar ta shekara ashirin tana ɗaga majinyata daga gado. Na ga damtsenta, na san an gama.

Na ba shi shawarar da na ga tana aiki a nahiya uku: ya ba ta babbar sarauta, ya tura ta jakadanci Baltimore. In ta ƙi, a ɗage karon saboda dalilan tsaro.

Ya dube ni kamar na ce ya saci akuya. "Alhaji, ai doka ta hana."

"Ranka ya daɗe, wa ya rubuta dokar?"

"Ni."

Na ce to ai shi ke nan. Ya ce a'a, ba shi ke nan ba.

Karon bai kai minti biyu ba. Ya durƙusa a kan gwiwar mai ciwo, ya miƙa wa nas ɗin hular sarautar, ta gwangwani, aka yi tafi, aka ci haraji.

Washegari na sa maiɗakina ta yi dambun nama, na tafi jaje, don a wurinmu wanda aka sauke ba ya kwana a garin. Na same shi yana yankan ciyawa, yana ɗingishi. Ya ce sabuwar sarauniya ta naɗa shi mai kula da kujerun taro. Ya yi dariya, amma bai dube ni ba, na ga abin ya ci shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka ji maganata."

Ya kashe injin, ya karɓi dambun, ya ɗaga min hannu yadda na koya masa.