Mai Karanta Rubutun Jikin Mota

A tashar Ɗambatta, Malama Ramlat na zaune a bas tana jiran fasinja su cika. Ta taga take kallon wani magidanci da ke tsaye a bayan motar gabansu. Zai kai shekara arba'in, furfura ta fara fito masa a gemu, ga buhun wake jingine da ƙafarsa. Rubutun jikin motar yake bi da yatsa, leɓensa na motsi. Duk sanda ya iso harafin d sai ya tsaya, ya ɗaure fuska, ya koma farko.

Ramlat ta san wannan tsayawar. Kullum tana ganinta a ajinta na firamare, wurin yaran da b da d ke juye musu, alhali a komai suna da kaifin basira. Wataƙila shi ma ya yi zaman bayan aji a wani ƙauye, ana kiransa daƙiƙi, har mahaifinsa ya gaji ya mai da shi gona.

Kwandasta ya bugi jikin motar da ƙarfi. "Malam, me kake nema?"

Mutumin ya zabura. Kafin ya ankara ya miƙa tafin hannunsa, ya kau da kai, ya runtse ido kamar mai jiran bulala. Da ya tuna inda yake, sai ya cusa hannun a aljihu.

"Ba komai," in ji shi a hankali. "Saura kaɗan in kai ƙarshe."

Motar su Ramlat ta tashi. Har suka shiga Kano, tafin nan a buɗe bai bar idonta ba.