Sarƙar Ba Ari da Sarƙar Sale

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama na mayar muku. Ke mai waya a hannu, kife ta a cinya. Labarin nan na aikinmu ne, ko da yake babu allura a cikinsa, babu magani.

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Incaji ya miƙa hannu ya ce Ba Ari ya ba shi makullin babur ba. Amma bari in fara daga tushe.

Ni ungozoma ce a ƙaramin asibitin nan namu na gefen Dagona, tun kafin a haifi yawancinku. Ban yi boko ba. Aikina shi ne, in naƙuda ta kama mace a ƙauyen da ke nesa, a ɗauke ni a babur a kai ni. In abin ya zo da sauƙi mu karɓa a gida, in na ga alamar da ba ta yi mini ba, in sa a kawo ta asibiti, ko a wuce da ita Gashuwa. Incaji kuwa shi ne shugaban asibitin. Na lokacin nan sunansa Malam Habu, mutum mai son a gwada abu kafin a yarda da shi.

Bayan an ɗage dokar hana hawa babur a ƙasarmu, sai aka ba asibitin babura biyu, irin dogayen nan masu shiga rairayi, waɗanda sarƙarsu take a buɗe ba murfi. Ɗaya a hannun Ba Ari, shi ne mai ɗaukata. Ɗayan a hannun Sale, mai kai akwatin rigakafi ƙauyuka. Dukansu ba ma'aikatan dindindin ba ne. Duk ranar da aka karɓe makulli, aiki ya ƙare.

Ba Ari, wato Baba Ari a bakin mutanenmu, dattijo ne mai iyali da yawa. Ya koyi kanikanci tun yana saurayi, kuma ban taɓa ganin mai tsabta irinsa ba. Kowace Juma'a kafin masallaci sai ya kafe babur a gindin dalbejiya, ya zuba fetur a gwangwani, ya ɗauko buroshin waya, ya bi sarƙar gaɓa gaɓa har sai ta yi ƙyalli kamar sarƙar amarya. Sale kuwa, Allah Ya shirya. Babur ɗinsa ruwan sama ne kawai ke wanke shi. In ya tuna, ya ɗiga wa sarƙar baƙin mai da tsinke, ya koma inuwa.

Rairayin ƙasarmu yana cin sarƙa kamar yadda gara ke cin zana. Da aka gaji da saye, sai Incaji ya tafi Nguru da kansa, ya dawo da sarƙoƙi biyu. Ya tara mu a baranda ya ce waɗannan ba irin na da ba ne. Wai an zuba musu mai a ciki tun daga kamfani, aka toshe kowace gaɓa da ɗan zoben roba, don kada man ya fita, kada ƙasa ta shiga. Ɗaya ana ce mata O, ɗaya ana ce mata Ekis, wai sunayen baƙaƙen boko ne. Ekis ta fi tsada, kuma an ce ta fi daɗewa.

Na ɗauke su, na juya, na kai su kusa da idona. Na ce, "Incaji, ni fa tagwaye nake gani."

Ya ce, "Iya, bambancin a ciki yake."

"To wa ya shiga ya gani?"

Aka yi dariya. Ya ce shi ma bai yarda ba sai ya gwada. Za a ɗaura ɗaya a kowane babur, wadda ta fi daɗewa ita za a riƙa saye. Mai tsadar ya ba Ba Ari, saboda shi ne mai riƙon amana. Ya dubi Sale ya ce, "Kai kuwa, ko jaki aka ba ka sai ya yi tsatsa."

Sale ya ce, "Ranka ya daɗe, ai jakin ba zai yi ƙorafi ba."

Ana nan, ana nan, damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya shigo. Sai na fara jin babur ɗinmu yana wani kuka daga ƙasa, ƙis ƙis ƙis, kamar ana tauna tsakuwa. Na ce, "Ba Ari, abin hawanka yana magana." Ya ce datti ne. Sai ya ƙara wanki, ya haɗa da Litinin. Yana ƙara wanki, kukan yana ƙaruwa. Na ga mutumin nan ya rame a kan sarƙa.

Ran nan da hantsi aka aiko mana daga wata ruga ta wajen fadama, yarinya ce haihuwar fari. Muka kama hanya. Muna tsakiyar rairayi, ba gida gaba ba gida baya, sai na ji ɓas! Babur yana ta ruri amma ba ya tafiya. Sarƙa ta yi tsalle ta sauka daga kan haƙoranta. Ba Ari ya mayar, muka ɗan taɓa, ta sake sauka. Wasu gaɓoɓin sun ƙage sun ƙi lanƙwasa, wasu sun saki kamar haƙorin tsohuwa. Amalanken shanu ne ya ƙarasa da ni. Ko da na isa, an riga an haihu, kakar yarinyar ce ta karɓa. Allah Ya tsare, uwa da ɗa lafiya. Amma mijin ya biyo mu har asibiti, ya faɗi maganganu a gaban jama'a.

Incaji ya sa aka jera baburan biyu. Ya durƙusa ya duba. Sarƙar Sale baƙa ƙirin, ta yi kauri da datti, amma da aka juya taya sai ta bi sumul, ba ƙara. Sarƙar Ba Ari tana ƙyalli, kuma matacciya ce.

Ni dai kaina ya ɗaure. Mai tsada ta mutu, mai araha tana raye. Ta mai tsabta ta mutu, ta malalaci tana raye. Duk abin da aka koya mini tun ina yarinya ya kifa a gabana.

Incaji ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Ya ce, "Ba Ari, wannan ba ita ce sarƙar da na ba ka ba."

Ba Ari ya ce, "Ranka ya daɗe, me kake nufi?"

"Wadda na sayo ba za ta mutu kafin ta Sale ba. Ba ni makullin."

Ku ji fa. Dattijo mai furfura, a gaban Sale, a gaban matan awo. Ya ciro makulli daga aljihu, ya ajiye a tafin Incaji.

Na ce, "Incaji, ɗana, kafin ka yanke, a kai gawar nan wurin wanda ya sayar da ita. Ko shi ya cuce ka, ko Ba Ari ya cuce ka, ko kuma akwai abin da dukanmu ba mu sani ba."

Ya ce, "To ku je tare, Iya. Ke ce shaidata."

Ranar kasuwar Nguru muka shiga mota, sarƙa a cikin leda. Bayan mun wuce Gashuwa, Ba Ari ya juyo wurina. Ya ce, "Iya, da satar ce na yi, da na san abin da zan ce wa yarana."

Mai shagon sunansa Emeka. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Nguru aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo mini ruwa. Ya zazzage sarƙar a kan teburi, ya duba wani tambari a jikinta.

Ya ce, "Tawa ce. Ekis ɗin da na sayar wa likitanku."

Ba Ari ya runtse ido, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "To kai ne macucin ke nan."

"Haba Mama, daga zuwa?" Ya ɗaga sarƙar ya kai hanci. Ya ajiye. Ya sake ɗagawa ya shinshina. Sai ya dubi Ba Ari ya ce, "Baba, da me kake wanke ta?"

Ba Ari ya gyara tsayuwa, don an zo fagen da ya sani. Ya ce, "Da fetur mana, da buroshin waya. Kowace Juma'a, kwanan nan har da Litinin. Haka maigidana ya koya mini tun ba a haife ka ba."

Emeka ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Wayyo kayana!"

Ya ɗauko guduma da ƙusa ya fasa gaɓa ɗaya. Abin da ya zubo jan gari ne, kamar dakakken barkono. Ko ɗigon mai babu. Zoben robar ya bushe ya yayyage. Ya ce buroshin ya yanka robar, fetur ya bi ta wurin ya narkar da man da ke ciki, ƙasa ta shiga ta zauna. Wankin da ya dace da tsohuwar sarƙa, wadda ba ta da roba, shi ne ajalin wannan.

Na ce, "Tsaya, ɗana. Wato ba ta son wanka."

"Tana so, Mama. Da kananzir da tsumma, a hankali."

"Kananzir da fetur ba uwarsu ɗaya ba?"

"Uwarsu ɗaya, hali ne ya bambanta."

"To, kuma ba ta son mai, tunda nata yana ciki."

"Tana so a shafa mata kaɗan a waje, saboda tsatsa."

"Ka ce an toshe ta, mai ba ya shiga."

"Ba ya shiga. Na wajen na waje ne."

Na ce, "Inna lillahi."

Ya ga ban gane ba, sai ya ciro zobba biyu sababbi ya yanka su da reza, ya ɗora mini a tafin hannu. Bakin ɗaya a zagaye yake kamar ƙwayar gero. Bakin ɗayan kamar sawun kaza, da leɓɓa huɗu. Ya ce mai sawun kazar tana riƙe mai a tsakanin leɓɓanta, ba ta matse ƙarfe da yawa, shi ya sa ta fi daɗewa kuma ba ta cin ƙarfin inji.

Na ce, "Amma ga ta a mace, ta Sale mai ƙwayar gero tana raye. Wacce ta fi?"

Ya ce, "Mama, ai ba sarƙa kuka gwada ba. Mutane biyu kuka gwada."

Ba Ari ya sunkuyar da kai. Yana ta kallon hannuwansa. Ni kaɗai na san abin da yake ji. Mu ma a aikin ungozoma haka aka koya mana, jariri na faɗowa a dirje shi tas, a cire farin maiƙon nan na jikinsa. Muna alfahari da hakan. Rana ɗaya aka tara mu a Gashuwa aka ce a daina, a goge shi kawai a ɗora shi a ƙirjin uwa, wanka sai daga baya, wai maiƙon nan rigarsa ce. Na daɗe hannuna yana ƙaiƙayi.

Muka iso asibiti da la'asar. Tun daga bakin ƙofa na ga Ba Ari ya jefar da leda ya zura da gudu, dattijon da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba. Yana ihu, "Sale! Kada ka taɓa! Sale!"

Ga Sale a gindin dalbejiya, ya kafe babur, gwangwanin fetur a gefe, buroshin Ba Ari a hannunsa. Incaji yana tsaye a kansa, ya harɗe hannu. Ashe tun da safe ya umarce shi ya wanke sarƙarsa irin wankin Ba Ari, tunda yanzu ita kaɗai ta rage. Sale ya ce sai ya karya kumallo. Ya karya, ya ce rana ta yi zafi. Aka yi azahar, ya ce buroshi ya ɓata. Sai yanzu Incaji ya tsare shi da kansa.

Ba Ari ya fizge buroshin ya wurga shi bayan katanga.

Na zauna a kan benci na ba da shaida yadda na iya. Na rikita O da Ekis, Ba Ari ya gyara mini. Na zuba jan garin nan da na ƙullo a bakin zane a tafin Incaji, a daidai wurin da aka ajiye makulli. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dubi gwangwanin fetur ɗin da shi da kansa ya sa aka ɗebo.

Ya ce, "Ba Ari, sau nawa na yabe ka a kan wankin nan?"

"Da yawa, ranka ya daɗe."

Ya ciro makulli ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Ka yafe mini, Baba." A gaban mutanen da suka ga an karɓa, a gabansu aka mayar.

Sale ya ce, "To ni fa? Ba za a ce mini sannu ba? Ni kaɗai na san sirrin tun farko."

Incaji ya ce, "Tashi ka ba ni wuri."

To, 'ya'yana, abin da na ɗauka a ranar shi ne, a aikinmu mai ƙwazo ma yana iya yin ɓarna, kuma shi ya fi wuyar ganewa, don kowa yabonsa yake yi. In sabon abu ya zo hannunku, kada ku tsaya a wanne ya fi. Ku tambaya me yake so, me ba ya so, ku kuma faɗa wa wanda zai riƙe shi.

Malam Habu an mayar da shi Jajimaji, na ji har yanzu yana gwaje-gwajensa. Emeka yana Nguru, an ce ba ya miƙa wa kowa sarƙa sai ya tambaye shi da me yake wanki. Sarƙar Sale ta kai damina ta gaba, ya riƙa ratsa ruwan fadama da ita bai shafa mata komai ba, tsatsa ta cinye ta daga waje. Shi kuma ya bar aikin ya koma sayar da kankana, inda ake biyan mutum don ya zauna a inuwa. Ba Ari ya ci gaba da ɗaukata har ƙafafuna suka gaza hawa. Ga shi can, kun san shi. An saya masa wata Ekis ɗin, tana nan a jikin babur. Kowace Juma'a yana goge ta da tsumma a hankali, fuskarsa a murtuke kamar wanda aka hana shi abinci.

Ni kuwa, in kun tambaye ni tsakanin O da Ekis wacce ta fi, har yau ban sani ba. Ga kunnuwanku nan, na mayar muku. Ku tashi, ga mai ciki can ta shigo.