Damin Godiyar Dodo

Shekara ashirin da shida Dodo ya yi yana sayar da ruwa a Damagaram. Ɗan garuwa ne, mai amalanke da bido goma, wato jarkokin ruwa, daga famfo zuwa gidajen mutane, tun asuba har rana ta yi ja. Babu ƙofar da bai sani ba a unguwarsu. Ya san gidan da randarsu ke yoyo, ya san matar da kullum za ta ce ruwan jiya bai cika ba alhali ya cika. Amma shi kansa bai taɓa samun ƙofar da zai nuna ya ce tasa ce ba. Gidan haya goma sha ɗaya suka zauna, shi da matarsa Raishatu, kuma ko sau ɗaya ba su tashi don sun so ba.

Barin gida na goma sha ɗaya shi ya karya Raishatu. Mai gidan ya sayar da shi ana tsakiyar damina, wanda ya saya kuwa ya turo magina bayan kwana uku. Aka fito da kaya bakin titi, hadari na haɗowa. Matar da ta binne 'ya'ya biyu ba wanda ya ji muryarta, ranar nan ta zauna a kan turmi ta yi kuka a gaban maƙwabta, autarsu Sadiya na riƙe da gefen zanenta.

"Malam," ta ce, "ban taɓa roƙon ka zane ba, balle zinariya. Amma na tsufa. So nake in buga ƙusa a bango ban nemi izinin kowa ba."

Dodo ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa in ya faɗi abu yakan zame masa kaya. Ya ce mata, "Ɗauri ɗaya ya rage miki. In Allah ya yarda, daga shi kin gama ɗaure kaya."

Fili a Damagaram ba na ɗan garuwa ba ne, wannan ko yaro ya sani. Sai ya sayar da amalanken da tumakin Raishatu guda biyu, ya ajiye iyalin a zauren wani ɗan'uwansa, ya hau mota ya nufi Damargu, inda ya ji ana cewa ƙasa ta fi mutane yawa. A Tanut ya fara sauka. Ya tambayi fili a gefen gari, da aka faɗa masa abin da ake nema sai ya yi dariya ya ce ashe ciwon ya riga shi zuwa. Wani ya ce ya gwada Tenhya. Can ya tarar da ƙasa har inda ido ya tsaya, ba mai ce maka tashi, amma ba mai ce maka zauna, don ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba. Ya leƙa rijiyarsu, ya ga raƙumi ne ke jan guga yana tafiya har ya kusa ɓacewa kafin ruwa ya fito. Ya ce a ransa wannan ba ruwan tsohuwa ba ne, ya juyo.

A kasuwar Belbeji wani mai sayar da igiya ya ba shi labarin wani ƙauye a kwarin Tarka, ana ce masa Aduwa Uku. Dodo ya je da ƙafa. Kafin ya gai da kowa sai da ya tsaya bakin rijiya ya roƙi ruwa, ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai sayen zuma. Ba gishiri, ba kanwa, kuma jaki ɗaya ya isa ya ja guga. Ga lakwal mai aji biyu inda Sadiya za ta ƙarasa karatu. A ganinsa ya gama bincike. Mutumin kirki, ya ɗanɗana ruwan gari, bai san akwai sauran abin da ake tambaya ba.

Aka kai shi wurin Malam Idrisa, wani dattijo da idonsa ya fara dushewa, mai gonaki da yawa, 'ya'yansa maza duk sun tafi Libiya neman kuɗi. Tsohon ya saurari labarinsa har ƙarshe, sannan ya sa aka kira liman.

"Akwai wani fako yamma da gari," in ji shi. "Tun ina saurayi ko ciyawa bai haifa ba. In ka iya da shi, na ba ka, duniya da lahira. Liman, ka ji."

Liman ya ce ya ji, aka shafa fatiha. Dodo ya kawo goro da sukari da ganyen shayi, shi ke nan abin da ya kashe. Mushen lakwal, wato malamin makarantar, wani matashi mai son shiga abin da ba a sa shi ba, ya ba shi shawara ya je meri, ofishin magajin gari, a rubuta masa takarda. Dodo ya ji abin ya yi masa nauyi. Mutum ya ba ka ƙasa kyauta, ka koma ka ce ya dangwala maka hannu kamar wanda kake tuhuma? Ya yi wa mushe godiya, bai je ba.

Wanda bai ga fakon nan ba ba zai gane aikin da Dodo ya yi ba. Ƙasa ce mai tauri kamar daɓen ɗaki, ruwan sama ya sauka ya wuce bai ko gaishe ta ba. Ya kama diga tun da rani, yana haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa, ɗaya bayan ɗaya, yana zuba wa kowanne taki don ya riƙe ruwa. Ya shirya da wani makiyayi mai suna Rissa ya riƙa kwantar da dabbobinsa a wurin bayan kaka. Mutanen gari suna wucewa suna ce masa sannu, suna dariya a gaba. Kafaɗar da ta tura ruwa shekara ashirin da shida ba ta san gajiya ba. A gefen gonar ya gina ɗaki biyu na ƙasa da rumbu, ya je ya ɗauko iyalinsa.

Damina ta farko gero ya tsaya a fakon Idrisa, har masu dariya suka riƙa zuwa kallo. Da aka yi girbi, Raishatu ta ce ba za su ci ba sai mai alheri ya fara ci. Ita da hannunta ta zauna ta tsince zangarniyar da ta fi kowacce cika, Dodo ya ɗaure dami ƙato, ya ɗora a ka, ya ratsa tsakiyar gari da shi da hantsi don kowa ya shaida shi ba butulu ba ne.

Idrisa ya shafa damin, ya janye hannunsa. "A'a, Dodo. Koma da shi. Ba a yin haka."

"Haba Baba, ai ko ɗanɗanawa ka yi."

"Na ce ka koma da shi."

Dodo ɗan birni ne. A birni in ka kai wa babba kyauta ya ce a'a, kara ce yake yi maka, kai kuma sai ka nace. Sai ya jingine damin a bakin zaure ya tafi da sauri, yana jin daɗin ya iya zama da mutane. Tsohon kuwa kunya ta hana shi sa a bi baƙo da kyautarsa a mayar masa a gaban jama'a.

To ga abin da Dodo bai sani ba. A ƙauyukan nan, wanda aka ba gona kyauta ba ya kai dami. Wanda aka ara wa gona shi ke kai dami kowace kaka, don gari ya tuna ƙasar ba tasa ba ce. Damin nan shi ne takardarsu. Babu wanda ya gaya masa, don wa zai tsaya ya gaya wa mai furfura abin da ɗan shekara bakwai ya sani? Rissa kaɗai ya taɓa tsayar da shi a hanya, a shekara ta uku, ya dubi damin ya ce, "Dodo, ashe aro ce?" Dodo ya ce, "Wane aro? Godiya ce." Rissa ya gyara rawaninsa ya bi dabbobinsa.

Shekara bakwai suka yi a nan, kuma su ne shekarun da Raishatu ta yi ƙiba. Ta yi wa ɗakinta daɓe, ta jera kwanoninta a bango, ta shuka zogale a bayan rumbu. Ta yi kaji, ta yi ƙawaye, har faɗa ta yi da maƙwabciya a kan akuya, irin faɗan da sai mai gida ke iya yin sa. Sadiya ta gama lakwal, ta auri ɗan wani maƙeri a garin, ta haihu. Kowace kaka dami na tafiya gidan Idrisa, kuma kowace shekara ya fi na bara girma.

Liman ya riga Idrisa rasuwa da shekara biyu. Da Idrisa ya cika, babban ɗansa Abubakar ya dawo daga Libiya hannu rabbana, da mata da 'ya'ya biyar da tari a ƙirji. Ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Ya bar fako, ya dawo ya tarar da gonar da ta fi kowacce a gadon ubansa, ya tambaya, aka ce masa ai baƙon nan ne ke aro. Bayan sadakar arba'in ya aika a gaya wa Dodo yana son gonarsu.

Aka zauna a ƙofar mai gari. Dodo ya faɗi yadda aka yi, da kalmomin tsohon ɗaya bayan ɗaya. Mai gari ya ce wa ya ji? Ya ce liman. Liman kuwa na kwance a maƙabarta. Takarda fa? Babu.

"Malam Dodo," in ji mai gari a hankali, "kana kai wa marigayi dami?"

Fuskar Dodo ta washe, ya ɗauka an zo inda gaskiyarsa za ta fito. "Ranka ya daɗe, ko shekara ɗaya ban fasa ba! Ga jama'a nan, a tambaye su. Da rana tsaka nake kai shi."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Wani tsoho da ke ƙaunarsa ya ce, "Inna lillahi," a ƙasan maƙoshi. Sai a lokacin aka yi masa bayani, a gaban gari duka, cewa shi da kansa ya ɗauki shaidar da ta kayar da shi ya ratsa gari da ita sau bakwai. Na ga mutane sun rasa shari'a, amma ban taɓa jin wadda ta ci mini rai kamar wannan ba.

Aka yanke zai girbe abin da ya shuka, ya cire ƙofofinsa da itacen rufinsa, sauran ya koma ga magada. Mai gari, don tausayi, ya ce akwai wani fako gabas da gari, in yana so a ara masa. Dodo ya dubi hannuwansa. Shekarunsa sittin da uku, bayansa ba ya miƙewa sai ya dafa bango. Ya ce ya gode.

Shawarar da ya yanke ita ce su koma Damagaram. Cikin waɗanda ya yi wa ruwa da, ba za a rasa mai neman tsohon da zai yi masa gadi ba, wataƙila har da ɗaki a bakin ƙofa. Ya gaya wa Raishatu bayan girbi, tana sheƙa gero a tsakar gida. Ba ta daina sheƙar ba sai da ta gama abin da ke cikin ƙwaryar.

"Malam, ni ba zan iya ba," ta ce. "Ba fushi nake ba, Allah ya sani. Ni na tsince zangarniyar nan, laifin ba naka kai kaɗai ba ne. Amma ƙafata ba za ta sake shiga gidan haya ba. Surukan Sadiya sun ce akwai ɗakin tsohuwarsu da ta rasu. Zan zauna in riƙe mata yara."

Bai yi gardama ba. Tsohuwa tana iya raɓawa a gidan 'yarta, amma namiji ba ya kwana a gidan surukinsa yana cin tuwonsa, ko da zai mutu a daji. Su duka biyun sun san haka. Aure na shekara talatin da huɗu, ba saki, ba yaji, ba ko baƙar magana, ga shi zai rabu gida biyu.

Geron duka ya sa aka kai gidan Sadiya, da ƙofofin da kajin. Ranar kasuwar Belbeji da safe ya fito da buhu ɗaya na tufafinsa. Raishatu ta rako shi har inda mota ke tsayawa, abin da ba ta taɓa yi ba, tana tafe a bayansa da 'yar jikarta a goye. Direba na ta ɗaure awaki a saman mota. Dodo ya daɗe yana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi.

"Da na samu wuri," ya ce, bai dube ta ba, "zan zo in ɗauke ki. Wannan karon, in Allah ya yarda..."

"Kada ka rantse, Malam," ta katse shi. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa. "Kada ka ƙara ɗaukar wani alkawari, ba ka da bayan ɗaukar sa. Wancan ka cika shi. Shekara bakwai na kwana a gidana."

Direba ya buga ƙaho. Dodo ya miƙa buhunsa sama, ya kama ƙarfen motar, sai da mutum biyu suka tallafe shi kafin ya iya hawa.