Gadar Sati Biyu

Shekara ashirin da biyu Baba Waya ya yi yana kula da na'urorin sadarwar kamfani, har matarsa kan ce da na'ura aka ɗaura masa aure, ita 'yar rakiya ce. Wata uku ya rage ya yi ritaya, kuma ba ya neman komai sai ya fita fayil ɗinsa babu tabo.

In sabon ma'aikaci ya zo, yakan ce masa na'urorin nan maƙwabta ne masu gaskiya. Kowace tana gaya wa ta kusa da ita hanyoyinta da ke raye, sai duk su riƙe taswira ɗaya. Amma saƙon da zai tashi daga reshe zuwa reshe dole ya bi babban layin tsakiya, ƙashin baya. Ya karye, kowa ya kama gabansa.

Shekara shida baya, motar haƙa ta tsinke wannan layi. Baba Waya ya yi dabara, ya haɗa ɓangarorin biyu ta cikin na'urar wani ƙaramin reshe, ya ce gada ce ta sati biyu kafin a ja sabuwar waya. Manaja ya ga aiki na tafiya, ya share zancen.

Haka gadar ta zauna har bana, sai ran wata Talata da hantsi komai ya tsaya cak. Rassa tara, babu mai jin wani. Baba Waya ya nufi ƙaramin reshen, ya tura ƙofar ɗakin na'ura, wari ya mare shi. Kwanukan abinci sun yi funfuna, kashin ɓera ko'ina, jiƙaƙƙen tsumma rataye a kan wayoyi. An zare filogin na'urar, an soka na butar shayi.

"Wa ya cire wannan?"

"Haba Baba, ruwa kawai zan tafasa," in ji shugaban reshen, kofi a hannu. "Wannan akwatin me yake yi ban da ƙifta ido?"

Baba Waya ya ɗage tsumman da ɗan yatsa biyu, ya mai da filogi. Ya fita waje ya tofar da miyau.

Da la'asar Manaja ya kira shi, ya tura masa takardar rahoto.

"Rubuta kuskuren saiti kawai, Baba. Yaron nan, shugaban reshen, ƙanin mai ɗakina ne, ka san halin gida."

"Saitin wa, ranka ya daɗe?"

"To, wa ke saitin? Kai da za ka tafi, me zai rage ka?"

Baba Waya ya dubi bakin Manaja mai maiƙo, ya ja takardar. A gurbin dalili ya rubuta: buta. Ya sa hannu da kwanan wata.

Manaja ya karanta, ya ce walimar ban kwanan ritayarsa sai an duba hali.

"A bar ta," in ji Baba Waya. "Na ga inda kuke ajiye kwanuka."